Sunan da Muka Sa a Farko

A garinmu komai za a fara, da babba ake farawa. In an buɗe sabon rumbu shi ke fara sa hannu, in an haƙa rijiya shi ake fara miƙa wa ƙwarya ya ɗanɗana ruwan. Don haka lokacin da ƙungiyar 'yan asalin garinmu ta ɗora mini aikin haɗa mata shafin intanet, babu wanda ya yi gardama kan sunan da za a fara sawa. Ina zaune a shagona na Tasawa, inda nake buga wa mutane takardu ina yi musu fotokofi, injin ya nemi sunan mai shafi na farko, wanda zai riƙe ikon komai. Na kira shugaban ƙungiya a Yamai, ya ce, "Wanga ai ba abin tambaya ba ne, sa Mushe." Na rubuta cikakken sunan kawuna, na liƙa hotonsa na ranar salla, da farar hula da tabarau. Bayan nan na buɗe nawa kont ɗin, wato asusun shiga shafin, a ƙarƙashin nasa, da shi nake aikin yau da kullum.

Kawu yayan mahaifiyata ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Kowa Mushe yake ce masa, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, har waɗanda suka girme shi. Ya koyar a ƙauyukan Mayahi da na Tasawa har furfura ta cika masa kai, sannan ya aje aiki ya koma gida, garinmu da ke tsakanin Korgom da Hawandawaki. In liman ya yi tafiya shi ke jan salla. In za a ɗaura aure shi ake kira shaida, in an yi rigimar iyakar gona maganarsa ake jira. Ba shi da shanu, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Sunansa kaɗai gare shi, kuma ya ishe shi.

Shafin ba wani abin a zo a gani ba ne. An yi shi ne don 'yan garinmu da ke Yamai da Agadas da Kano da Libiya su ga sanarwar haihuwa da rasuwa, su ga hotunan damina su san ko hatsi ya yi. Da na nuna wa Kawu, taɓe baki ya yi, ya ce shi da ya yi rayuwa da alli ba zai tsufa yana shafa gilashi ba. Ba a rufa wata ba ya fi kowa zama a kai. Rezon waya ba ya shiga cikin gari sosai, sai an hau tudun da ke bayan filin idi. Kullum da hantsi sai ya ɗauki buzunsa ya hau tudun, ya zauna gindin gawo, ya riƙa rubutu da yatsa ɗaya. Ya rubuta sunayen tsofaffin gonaki da dalilin kowane suna, da irin hatsin da aka daina shukawa, da yadda manoma da makiyaya suke raba ranakun shayarwa a da. In na sa sanarwa kuma na yi kuskuren harafi, kafin in tashi daga kujera ya kira ni ya tambaye ni wa ya koyar da ni.

A waccan shekarar labarin tsohuwar rijiyar gabas yake rubutawa, kashi-kashi: wa ya nuna wurin, su wa suka shiga ramin, gidajen da suka kawo itacen ɗaure bakinta. Samarinmu da ke ci-rani sun fi jiran wannan fiye da sanarwata. Ya kawo daidai inda mahaƙan suka fara jin danshi a ƙafafunsu, abin ya faru.

An gama girbi ke nan. Wani ɗan garinmu da ke Libiya ya turo hoton fuskar salularsa, wato wayar hannu, cikin gurup ɗin ƙungiya, ya ce a duba masa ko idonsa ne. Na buɗe shafin. Sababbin rubuce-rubuce ne jere, cikin harsunan da ba na ji, da tallan caca, da tallan maganin ƙarfin maza, da hotunan mata waɗanda ba zan kwatanta ba. A ƙarƙashin kowane ɗaya ga cikakken sunan Kawu, ga farar hularsa da tabarau, yana murmushin ranar salla.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu. Wanda bai taɓa buɗe shafin ba tun da aka yi shi, ranar ya gane hanya. Kowa ya ɗauki hoton ya tura wa na gaba, ya rubuta innalillahi a ƙasa, sai ka ce innalillahin za ta rufe abin da ke sama. Na shiga gurup na yi faɗa, na ce duk wanda ya sake turawa shi ma da hannunsa a ciki. Aka ba ni haƙuri, aka koma turawa ta bayan fage. Kafin la'asar hoton ya kai ga mutanen da ko sunan garinmu ba su sani ba.

Abin da na iya shi na yi. Ni ba gwani ba ne, ɗan abin da na sani a shago na tsince shi. Na bi rubuce-rubucen na goge su ɗaya bayan ɗaya, na canza kod ɗin kowa, wato kalmar sirrin shiga. Tunda kuma sunan Kawu ne a kansu, hankalina ya ba ni kod ɗinsa aka sace. Na rufe shago na hau moto na nufi gida, ina ta nitsewa cikin rairayi ina fitowa.

Na same shi a zaure, salular na gefensa a kife. An riga an nuna masa. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya kawo masa har gida, wai don kada ya ji a bakin wasu. Muka gaisa, ya tambayi mutanen Tasawa kamar kullum. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na fara.

Na ce, "Kawu, salular taka, wa ke riƙe ta in ba kai ba?"

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. "Kai ke tambaya, ko aiko ka aka yi?"

"Aikin ne ya ce in tambaya, Kawu."

"To. Ranar kasuwar Korgom nika ba mai sharji ya sa mata wuta, in amsa da la'asar. Ban da shi, innarka ta kan haska ɗaki da ita." Ya ɗaga yatsan da yake rubutu da shi ya duba. "Ko wanga ne ya taɓa wani wuri ban sani ba? Idanun sun hwara ƙin gani, ɗan nan."

Na rantse masa yatsa ba ya haifar da irin wannan. Na ce sata ce aka yi, kuma na toshe. Na sa masa sabon kod da hannuna, na ce gobe ya hau tudu ya ci gaba da rijiyarsa. Ya ce to. Tausayinsa ya hana ni cin tuwon da aka kawo.

Ban gama hutawa daga wannan tafiya ba abin ya dawo, ya ma fi na farko yawa. Yanzu in mutum ya buɗe shafin da salula, sai ya jefa shi kai tsaye wurin caca, a ordinata kuma, wato kwamfuta, jan gargaɗi ke fitowa cewa wurin na da haɗari. Sunan dai nasa ne. Kowa kuma ya san na canza kod, kowa ya san na je na ba Kawu sabo. Mutane suka haɗa wannan da wancan suka yanke hukunci. Marasa kunya suka ce dama masu shiru-shiru sai Allah. Masu kirki suka ce tsufa ne, a yi masa addu'a, kuma ni wannan ta fi ƙona mini rai. Shugaban ƙungiya ya kira ni yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce a ɗan janye wa Mushe iko tukuna, har ƙura ta lafa. Na ce masa ba zan janye ba sai na ga hujja. Ya ce ai hujjar ce ke yawo a salular kowa.

A cikin kwanakin nan liman ya kai matarsa asibiti Maraɗi. Matar Kawu ce ta ba ni labari daga baya. Aka kira azahar, aka tayar da iƙama, mutane suka buɗa wa Kawu hanya kamar yadda aka saba. Ya tsaya a sahu na biyu, ya dafa kafaɗar wani ya tura shi gaba. Babu wanda ya ce masa kada ya ja salla. Shi ya yanke wa kansa, kamar yadda ya saba yanke wa wasu in dabba ta shiga gona ta gefen shingensu.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, na tuna wata 'yar ajinmu ta lise, wato sakandare, da ke aikin ordinata a wani buro, wani ofis a Mayahi. Na kira ta, ta ce in zo da duk kod ɗin da nake da su, kuma kada in sake goge komai. Na same ta lokacin hutun rana, ta ja mini kujera, ta ce, "Kai ka taɓa ganin an shiga gida sata, mai gida ya ɗauki tsintsiya ya share sawun kahin masu bin sawu su zo? Abin da ka yi ke nan." Gaskiya ta faɗa.

Ba ta ko kalli fuskar shafin ba. Ta shiga ta baya, wurin kamfanin da ke ajiye mana shi, inda ake rubuta duk wanda ya shigo da lokacin da ya shigo. Layuka ne na lambobi, ni dai idona ya gaji. Ta bi su da bayan biro a hankali. Ta nuna mini shigar Kawu: kullum da hantsi, daga salula ɗaya, kuma ta ƙarshe tun kafin abin ya fara. Sabon kod ɗin da na ba shi ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Ashe tun ranar bai sake hawa tudun ba.

Na ce, "To ta ina aka shiga?"

Ta ce, "Bon, duba nan. Ba wanda ya shiga da kod ko kaɗan."

Akwai wani ɗan ƙarin manhaja da na sa tun farko don hotunan damina su riƙa jeruwa da kyau. Masu shi sun daɗe da daina gyara shi, yana da ɓaraka, kuma ta nan aka kutsa. Wanda ya kutsa ya ajiye wani ɗan fayil cikin jakar hotuna, ya ba shi suna irin na hoto, yana zaune tsakanin hoton gonar wake da na garken awaki. Wannan fayil shi ne ƙofar bayansa. Ko kod dubu na canza, ta nan zai dawo, shi ya sa abin ya dawo.

Na ce, "Sunan Kawu fa? Me ya yi masa?"

"C'est pas quelqu'un, ba mutum ba ne. Inji ne aka saki, shina yawo duniya shina gwada shahuka, duk wanda ya samu da ɓaraka ya shiga. In zai aje rubutu dole ya liƙa shi ga wani suna, sai ya ɗauki na lamba ɗaya. Wa ya ce ku sa sunan mutum na gaske, da hotonshi, a lamba ɗaya?"

Na ce, "Shi ne babba."

Ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta fasa.

Gyaran bai yi wuya ba tunda an gane ciwon. Muka rufe shafin gaba ɗaya. Ta sauke kwafin ajiya na kafin girbi daga wurin kamfanin, ta bincika shi ta tabbatar ba ƙofar baya a ciki. Muka sake kafa komai sabo, muka zubar da manhajar hotunan, muka sabunta sauran. Rubuce-rubucen Kawu na baya-bayan nan, waɗanda kwafin bai kama ba, ni na kwashe su da hannu na mayar, ina karantawa ina mayarwa. Muka soke kont na lamba ɗaya, ikon ya koma wani kont marar sunan kowa, aka buɗe wa Kawu nasa na marubuci kawai. Ta nuna mini yadda zan nemi a cire jan gargaɗin, bayan 'yan kwanaki kuma aka cire. Tun daga lokacin shafin bai sake ko tari ba.

Daga Mayahi ban biya Tasawa ba, gida na wuce, raina fari ƙal. A hanya har ina tsara yadda zan faɗa masa, ina ganin zai tashi ya ɗauki buzu. Na same shi bayan gida yana gyara darni. Na zayyana masa komai: ba salularsa ba ce, ba mai sharji ba ne, ba yatsansa ba ne. Ya saurara har na gama, igiyar kaba a hannunsa.

Ya ce, "To wane ne shi? Ɗan ina ne?"

"Ba a sani ba, Kawu. Inji ne. Mai shi yana iya kasancewa ko'ina a duniya."

"Mi na yi mashi?"

"Ba ka yi masa komai ba. Sunanka ne ya fara tararwa."

Ya zauna a kan turmin da ke kife. "Ashe bai ma san ni ba."

Sai a lokacin na gane abin da yake jira duk kwanakin nan. Mutum yake jira. A garinmu in an ɓata maka suna, akwai wanda ya ɓata, ana kiransa gaban mai gari, ko ya rantse ko ya amsa, a ba ka haƙuri gaban jama'a, ka yafe, a shafa fatiha kowa ya watse da sanin gaskiya. Kawu ya zaunar da irin wannan zama ba adadi. Nasa ya zo, babu wanda za a kira, babu wanda zai yafe wa. Ni kuma abin da na kawo masa daga Mayahi layukan lambobi ne da ko ni sai da aka nuna mini da biro.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na yi dogon vokal, wato saƙon murya, na sa a gurup, na bayyana ɓarakar da ƙofar bayan da lamba ɗaya. Shugaban ƙungiya ya biyo da nasa, ya nemi gafarar Mushe da sunan kowa. Liman ma ya yi magana bayan sallar Juma'a. Masu ji sun ji. Amma vokal sai an zauna an saurara, hoto kuwa kallo ɗaya ya isa, kuma yana nan cikin salular mutanen da ba su cikin gurup ɗinmu. Ranar kasuwar Korgom na ji wani yana cewa, "Ai an ce inji ne," yana wani ɗan murmushi. Da ba a riƙe ni ba da mun kwashi 'yan kallo. Na dawo gida ina huci, Kawu ya ce in na daki mutum a kansa, labarin ne zai ƙara tsawo.

Na sa masa sabon kont ɗin a salula, na nuna masa yanzu ko an sake shiga ba za a taɓa sunansa ba. Ya yi godiya, ya sa ta aljihu. Duk zuwan da zan yi gida sai na yi masa zancen rijiyar gabas, na ce samari na tambaya, mahaƙa na nan tsaye cikin danshi suna jiransa. Sai ya yi murmushi ya tambaye ni kasuwar fotokofi. Salla kuma a sahu na biyu yake yinta har yau, ko da liman ba ya gari.

Gab da damina ya aiko a kira ni. Na zo da zumuɗi, na ɗauka rubutu ne. Bayan mun gaisa ya ce, "Wata alhwarma nika so. Rubutun nan nawa da ke kan shahinku, ka bar su, suna da amfani ga yara. Sunana za ka cire. Da hoton."

Na ce, "Kawu, ai an wanke ka. Sunan nan yanzu a kan aikinka kaɗai yake."

Ya ce, "Na sani, ɗan nan. Amma na aje shi wurin da ban iya tsaronshi. In mutum ya buga sunana, ban san wanne zai hwara gani ba, rijiya ko wancan. Maido mani abina."

Na yi magiya, na kawo shugaban ƙungiya, na kawo liman, na kawo mahaifiyata. Ya bar ni na gama, ya ce kuma in wani ya tambayi wanda ya rubuta, kada in faɗa.

Na koma Tasawa na zauna a kujerar da na zauna ranar da na fara rubuta sunan. Akwai hanyar da za a canza duka a taɓawa ɗaya, ban bi ta ba. Na buɗe rubuce-rubucen ɗaya bayan ɗaya, na gonaki, na hatsi, na ranakun shayarwa, ina cire sunan ina sa "wani ɗan gari". Mai son fotokofi ya leƙo, na ce injin ya lalace. Baƙin ciki nake ji wanda ban san wa zan ɗora wa ba. Girmamawa ce ta sa muka sa shi a gaba, kuma da za a mayar da ni wannan rana ban san abin da na sani yanzu ba, sunansa zan sake rubutawa. Da ma a ce mun raina shi kaɗan, mun sa shi na biyu.

Kwanan baya wani yaro da aka haifa a Agadas, wanda bai taɓa taka garinmu ba, ya rubuta tambaya a ƙarƙashin kashi na ƙarshe na labarin rijiyar. Ya ce kakansa na cikin waɗanda suka shiga ramin, yana son ya san ko sun samu ruwan a ranar, kuma don Allah wane ne wannan ɗan gari da ya rubuta, yana so ya gaishe shi. Na karanta wa Kawu a waya. Ya ce in gaya wa yaron sun samu ruwa. Na rubuta masa haka. Tambayarsa ta biyu tana nan a ƙasa, ban amsa ba.